Neman shawara: yadda zan zaga Istanbul a ƙafa da jiragen gari da ɗan guzuri

Malamin Kongo, Zariya, ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar 'yan'uwa da suka san birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya. An gayyace ni wani taron ƙara wa juna sani da za a yi a can a farkon watan Disamba, kuma bayan an tashi daga taron zan sami 'yan kwanaki kafin ranar dawowata, waɗanda nake so in yi amfani da su in ga gari. Matsalar ita ce kuɗin guzurin da aka ba ni bai taka kara ya karya ba, kuma idan aka canza naira zuwa dala, aka sake canza dalar zuwa lira, abin da zai rage a hannu ba zai ɗauki kuɗin tasi kullum ba. Saboda haka na yanke shawarar in dogara da ƙafata da kuma ababen hawan da mutanen gari suke shiga.

Abin da ya ɗan sanyaya mini jiki shi ne wani abokin aikina a Samaru ya ce mini garin duk hawa ne da gangara, alhali gwiwata ta hagu ta soma ƙorafi tun bara. Ina so in ga manyan masallatan Daular Usmaniyya, in ziyarci kabarin Sahabi Abu Ayyub al-Ansari, in kuma tsallaka ɓangaren Asiya ko da sau ɗaya ne. A wace unguwa ya kamata in sauka? Yaya ake biyan kuɗin mota da jirgi? Kuma ta wace hanya mutum zai tsara yawonsa yadda tudu ba zai karya shi ba? Allah ya saka da alheri.

Ɗan Tudun Wada ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kai ka lafiya ya dawo mana da kai lafiya. A can na yi karatun digirina na biyu, kuma da guzurin ɗalibi na zauna, don haka abin da zan faɗa shi ne abin da talakan garin yake yi.

Abokin aikinka ya faɗi gaskiya. Mu da muka tashi a Zariya mun saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, kuma sai mutum ya yi niyya ta musamman kafin ya je ya hau Kufena, amma a Istanbul hawa irin wannan yana iya samunka a tsakanin masaukinka da shagon burodi. Tsohon birnin kansa a kan tuddai bakwai aka gina shi, kuma sarakunan Usmaniyya sun bi kan tuddan nan suna aza manyan masallatansu, shi ya sa duk abin da kake son gani yana sama, tashoshin jiragen ruwa kuma suna ƙasa a bakin teku. Ruwa ya raba garin gida uku. Akwai tsohon birni inda masallatan Ayasofiya da Sultan Ahmad da Sulaimaniyya suke, akwai Galata da Taksim a hayin wani reshen teku da ake kira Halic, sannan akwai ɓangaren Asiya a hayin mashigin Bosforus, inda Uskudar da Kadikoy suke. Wanda ya riƙe wannan taswira a kansa ya rage rabin ɓatan hanya.

Maganar biya kuwa mai sauƙi ce. Kati ɗaya ne ake kira Istanbulkart, ana sayensa a injinan da ke tashoshi, har da na filin jirgin sama, a zuba masa kuɗi a wuri guda. Da shi za ka shiga bas, da jirgin ƙarƙashin ƙasa, da tiram mai bin tsakiyar titi, da jirgin fito, da ƙananan jiragen da igiya ke ja zuwa kan tudu. Ba zan faɗi farashi ba domin lira ba ta zama wuri ɗaya, ana yawan ƙarin kuɗi, amma ka sani cewa a tiram da bas kuɗin shiga ɗaya ne ko tasha ɗaya za ka yi ko goma, kuma duk sanda ka sauya abin hawa za a sake cira. Ke nan asara ce ka hau tiram saboda tasha ɗaya ko biyu a inda ƙasa take a kwance.

Dabarar da na ga tana aiki ita ce mutum ya kashe kuɗinsa a kan hawa, ya bar wa ƙafarsa gangara. Ga misali na farko. Ka hau tiram mai lamba T1 zuwa ƙarshensa a Kabatash, daga nan ka shiga jirgin igiya F1 wanda zai haura da kai dandalin Taksim cikin 'yan mintoci kaɗan. Daga Taksim sai ka biyo titin Istiklal a ƙafa, tsawonsa bai kai kilomita ɗaya da rabi ba kuma ba a barin motocin haya su bi shi, ka sauko ta gindin hasumiyar Galata wadda mutanen Jenowa ta Italiya suka gina a 1348, ka ci gaba da gangarowa har Karakoy. Ba lallai ba ne ka biya kuɗin hawa hasumiyar, domin layi yana da tsawo kuma kuɗin baƙi yana da yawa. Daga Karakoy ka taka gadar Galata a ƙafa ta tsakanin masu kamun kifi da ƙugiya, sai ga ka a Eminonu. Idan kuma wata rana ka sami kanka a Karakoy kana son hawa, akwai Tunel, ɗan gajeren jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe tun 1875, wanda na Landan ne kaɗai ya girme shi. Tsawon layinsa bai kai mita 600 ba, amma yana ɗauke wa mutum hawan kusan mita 60.

Misali na biyu shi ne Sulaimaniyya, wanda a ganina ya fi kowane masallaci a garin daɗin zama. Babban magini Mimar Sinan ne ya gina shi wa Sultan Sulaiman tsakanin 1550 da 1557, a kan tudu na uku. Wanda ya taso masa daga Eminonu zai iso yana haki, amma idan ka sauka daga T1 a tashar Beyazit, ko daga jirgin ƙarƙashin ƙasa M2 a Vezneciler, ka riga ka hau tudun, sauran tafiyar kusan a miƙe take. Bayan ka yi salla ka zagaya farfajiyar baya, inda ake hango Halic da Galata da bakin Bosforus kyauta, abin da wasu ke biyan kuɗi a hasumiya domin su gani. Kabarin Sultan Sulaiman yana cikin harabar, na Sinan kuma yana wata kusurwa a waje, ƙarami ƙwarai idan aka dubi girman aikinsa. A gaban masallacin akwai jerin gidajen abinci da suka yi suna da dafa wake da shinkafa. Daga nan ka gangaro ta lungunan kasuwar Tahtakale, ka nemi masallacin Rustam Pasha wanda aka ɗora a saman shaguna, sai an bi wata 'yar matattakala ake shiga, kuma bangonsa duk tangaran ɗin garin Iznik ne, sannan ka fito Kasuwar Misira, ta kayan yaji, da bakin ruwa.

Masauki kuwa, ni Uskudar nake ba ka shawara. Unguwa ce ta masu riƙo da addini, abinci ya fi araha, kuma kowace safiya za ka tsallako da jirgin fito zuwa Eminonu cikin kamar minti ashirin da kuɗin da bai wuce na bas da wani abin kirki ba. Wannan tsallakawa ita ce yawon teku mafi araha a garin, kuma ana sayar da shayi a cikin jirgin.

Hajiyar Sabon Gari ta amsa:

Malam, sannu da shiri, Allah ya sa a dace. Ɗana na Tudun Wada ya yi bayani mai kyau, kuma ban da abin cewa game da kati da dabarar hawa, amma a maganar masauki ban bi shi ba. Shi ya zauna shekaru, yana da lokacin jiran jirgin ruwa, kai kuwa baƙon 'yan kwanaki ne kuma a cikin sanyi za ka je. A watan Disamba ana ruwan sama da iska, wani lokaci kuma hazo yakan sa a dakatar da jiragen fito. Gaskiya ne akwai Marmaray, jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku tsakanin Uskudar da Sirkeci tun 2013, amma me zai sa mutum ya biya kuɗin tsallake safe da yamma alhali yawancin abin da ya zo gani yana tsohon birni?

Ni saro kaya nake zuwa yi, kuma a yankin Laleli da Aksaray nake sauka kamar yawancin 'yan kasuwarmu. Ƙananan otal-otal suna da yawa a wurin, ana samun ragi idan ba lokacin cikar baƙi ba ne, tiram T1 yana ratsa unguwar, kuma daga Laleli zuwa Beyazit da Babbar Kasuwa mai rufi tafiyar ƙafa ce ta 'yan mintoci. Daga Beyazit titin Divan Yolu yana sauka a hankali har Sultan Ahmad, ba ka bukatar ko kwabo. Aibin wurin shi ne hayaniya da masu tura kaya a amalanke, kuma wasu lungunan Aksaray ba su dace da mutumin kirki ba bayan isha'i, don haka a zaɓi masauki kusa da babban titi. Abu ɗaya da nake roƙonka shi ne kafin ka biya kuɗin ɗaki ka duba ko titinsa yana gangaren da ya nufi Kumkapi da bakin teku, domin a taswira za ka ga mita ɗari uku ne zuwa tiram, amma mita ɗari ukun nan duk hawa ne, kuma kullum sai ka yi shi. Ka kuma tambaya ko ginin yana da lif, saboda tsofaffin gidaje da yawa ba su da shi.

Daga filin jirgin sama, wanda yake da nisan kusan kilomita 40 daga tsakiyar gari, akwai hanya biyu masu araha. Akwai jirgin M11 da zai kai ka Gayrettepe ka sauya zuwa M2, sai dai sauyin yana da doguwar tafiya a ƙarƙashin ƙasa, kuma da akwati a hannu ba daɗi. Akwai kuma manyan motocin Havaist da ke zuwa Aksaray da Taksim kai tsaye, a saka maka kaya a ƙasa ka zauna. Sun fi jirgin tsada amma ba su kama ƙafar tasi ba, kuma mai ciwon gwiwa su ya kamata ya bi.

Kada ka canza kuɗi da yawa a filin jirgi, ka canza abin da zai kai ka gari kawai, domin 'yan canjin Laleli da na kewayen Babbar Kasuwa sun fi bayarwa da daraja. Ita Babbar Kasuwar ba ta buɗewa ranar Lahadi. Abinci kuma ka guji duk gidan da aka tsayar da mutum a ƙofa yana kiranka da hoton abinci a hannu. Ka nemi irin gidajen da 'yan kasuwa da leburori ke ci, inda tukwane suke a jere a bayan gilashi, ka nuna abin da kake so da yatsa. Da safe burodin simit mai riɗi da kofin shayi sun isa su riƙe ka zuwa azahar, ruwan sha kuma ka saya babbar gora a shagunan BIM ko A101, ba a bakin masallacin Sultan Ahmad ba. A cikin T1 ka mayar da jakarka gaba tsakanin Eminonu da Aksaray saboda cunkoso. Idan kuma mai goge takalma ya wuce ka burushinsa ya faɗi a gabanka, ka yi tafiyarka, domin da gangan ake yar da shi, kana miƙa masa zai ce zai goge maka kyauta don godiya, a ƙarshe ya tsare ka da kuɗi.

Malamin Kongo ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Hajiya, na gode ɗalibina, Allah ya ƙara sani. Zuciyata ta fi karkata ga Laleli saboda kusanci, Uskudar kuma in ware mata yini guda. Saura abu biyu. Na ga a taswirar tiram akwai tasha mai suna Topkapi, shin a nan zan sauka idan ina son ganin fadar Topkapi inda aka ajiye kayan tarihin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi? Sannan babu wanda ya taɓo hanyar zuwa wurin Abu Ayyub.

Dattijon Ƙofar Gayan ya amsa:

Malam, bari in karɓi ta biyun, in bar wa yaro ta farko tunda shi ya san layukan jirgi. Na yi wannan ziyara da ƙafafun da suka girmi naka, kuma hanyar ba ta da wahala ko kaɗan, domin unguwar Ayyub Sultan a bakin ruwan Halic take, ba a kan tudu ba. Daga Eminonu akwai tiram T5 da ke bin gaɓar ruwa ta Fener da Balat har ya ajiye ka kusa da masallacin. Akwai kuma jirgin ruwa da ke shiga Halic yana tsayawa a tashoshi har can, ya fi jinkiri kuma ba ya tashi akai-akai, amma idan lokacinsa ya dace da naka shi ya fi.

Sanin kowa ne cewa Abu Ayyub, Allah ya ƙara masa yarda, shi ne ya sauki Annabi a gidansa lokacin da ya iso Madina, kuma ya rasu yana tsoho a cikin rundunar da ta zo yaƙin wannan birni a zamanin Mu'awiya, aka binne shi a wajen ganuwa. Bayan Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin a 1453 aka gina masallaci a wurin, ginin da ke tsaye yanzu kuma na wajen shekarar 1800 ne. Ba a biyan kuɗin shiga. Ranar Juma'a da Lahadi wurin yana cika maƙil da iyalai, don haka wanda yake son natsuwa ya je a tsakiyar mako da hantsi. A bayan masallacin akwai tudun maƙabarta, kuma akwai ƙaramin keken igiya da ke ɗaga mutane zuwa samansa da katin nan dai.

Ina da gyara ɗaya ga shawarar ɗanmu na Tudun Wada. Cewa a hau da jirgi a sauko da ƙafa shawara ce ta mai lafiyar gwiwa. Hawa numfashi yake ci, amma gangara gwiwa take ci, kuma duk mai irin ciwon nan ya san saukowa daga bene ta fi hawansa zafi. Ƙari a kan haka, titunan tsohon gari da duwatsu aka shimfiɗa su, sun goge sun yi santsi, idan ruwa ya sauka a kansu sai a hankali. Kada Malam ya tafi da takalmin fata mai sulɓin ƙasa irin na zuwa ofis, ya nemi mai roba mai kama ƙasa, kuma kada ya ji kunyar riƙe sanda.

Sai maganar lokaci. Agogonsu yana gaban namu da awa biyu, kuma a Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe takwas, ta faɗi kafin shida, wato yinin gajere ne, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kusa da kusa. Wannan bai zama matsala ba tunda ko'ina akwai masallaci, hasali ma shi ne wurin hutun da ba a biya: akwai ɗumi, akwai kafet, ba mai tashinka. Sai dai famfunan alwala a waje suke kuma ruwan yana da sanyin da ke shiga ƙashi, don haka ya fi kyau ka fito da alwalarka daga masauki, ka kuma tafi da safa mai kauri. Lokacin salla ana tsayar da masu yawon buɗe ido a ƙofa a manyan masallatai, amma mai salla yana wucewa.

Ɗan Tudun Wada ya sake amsawa:

Baba, na karɓi gyara, Allah ya ƙara girma. Malam, kada ka sauka a tashar Topkapi da niyyar fada, domin wannan tasha tana can bakin ganuwa ta yamma, kilomitoci da dama daga fadar. Tashar da ta dace ita ce Sultan Ahmad, daga nan ka bi ta bayan Ayasofiya zuwa babbar ƙofa ba tare da wani hawa ba. Idan ka sauka a Gulhane sai ka haura. Fadar ba ta buɗewa ranar Talata, kuma kuɗin shigarta ga baƙo yana da nauyi, amma idan wuri ɗaya tak za ka biya wa kuɗi a tafiyar nan, ni ita zan zaɓa, saboda ɗakin amanonin da Sultan Salim na ɗaya ya soma tarawa bayan ya ci Masar a 1517, inda ake karatun Alƙur'ani ba yankewa. Ayasofiya kuma, wadda aka gama gininta a 537 aka mayar da ita masallaci a 2020, tun farkon 2024 masu yawon kallo suke biya su hau bene ta wata ƙofa dabam, don haka ka je a lokacin salla ka bi ƙofar masallata.

Bisa ga abin da Baba ya faɗa, ga yadda zan sake tsara maka. Gangaren da ke da sauƙi su ne Divan Yolu daga Beyazit zuwa Sultan Ahmad, da titin Istiklal daga Taksim zuwa ƙarshensa. Idan ka kai ƙarshen Istiklal kuma ana ruwa, kada ka bi gangaren Galata, tashar Tunel tana nan a gabanka, ka shiga ta sauke ka Karakoy. Gangaren Sulaimaniyya zuwa Tahtakale ma yana da tsanani a wasu wurare, idan gwiwa ta ƙi sai ka koma Beyazit ka hau T1 zuwa Eminonu, ka shiga Rustam Pasha daga ƙasa. A tudun Ayyub kuma ka hau da keken igiya ka dawo da shi.

Ranar Asiya ba ta da matsala. Ka tsallaka Uskudar da jirgin fito, ka yi salla a masallacin Mihrimah da ke daura da tashar, shi ma aikin Sinan ne, sannan ka bi bakin teku ta kudu zuwa Salajak, hanya ce a kwance, kana kallon hasumiyar da ke tsakiyar ruwa da tsohon birni a hayi. Babban masallacin Camlija da aka buɗe a 2019 yana kan tudu mai nisa, wannan kam ba na ƙafa ba ne, akwai bas daga Uskudar da ke kaiwa can, ka tambayi ma'aikatan tasha su nuna maka. Kafin ka dawo ka duba kuɗin da ya rage a katinka a injin tashar Uskudar, domin idan hazo ya hana jirgin ruwa tashi Marmaray za ka bi, kuma shi yana cire fiye da kuɗin tiram a lokacin shiga.